Tarihin Zane-zane a Jami'a: Me Ake Karantawa a Ciki, Kuma Wa Ke Buƙatarsa?

A watan Yunin 2025 ƙasar Holan ta miƙa wa Najeriya kayan tarihi guda 119 na masarautar Benin da ke jihar Edo ta yanzu, daga cikin dubban da sojojin Ingila suka kwashe lokacin da suka ci birnin da yaƙi a 1897. Tun a 2022 Jamus ta riga ta sa hannu kan mayar da mallakar sama da guda 1,100. Duk sanda irin wannan labari ya fito, muhawarar da ke biyo baya ba ta wuce tambayoyi biyu: kayan na wa ne, kuma a ina za a ajiye su? Gwamnatin Buhari ta fitar da sanarwa a 2023 cewa na Oba ne, wato sarkin Benin. Sabon gidan tarihin da aka gina a birnin, wanda ake kira MOWAA, ya gamu da zanga-zanga a Nuwamban 2025 har aka dakatar da bikin buɗe shi.

Akwai tambaya ta uku da ba a cika yi ba. Idan kayan sun iso, wa zai ɗauki kan tagulla ya ce wannan na ƙarni na 16 ne, wancan na ƙarni na 19, wannan na asali ne, wancan kuma kwaikwayo ne aka binne a ƙasa don ya yi kamar ya tsufa? Wa zai rubuta bayanin da ɗalibin firamare zai karanta a jikin gilashi? Masu wannan aiki a jami'a ake horar da su, a wani fanni da yawancin iyaye a Arewa ba su san da zamansa ba. Waɗanda suka sani kuwa suna ce masa "kwas ɗin zane", su wuce. Daga wannan suna ruɗanin yake farawa.

Abubuwa uku da ake zubawa a kwando ɗaya

Na farko shi ne koyon yin aikin da hannu, abin da ɗalibai ke kira Fayin At. Ɗalibin wannan fanni a sitidiyo yake wuni, tsakanin fenti da buroshi da yumɓu da siminti da injin walda. Abin da ya zana ko ya sassaƙa da shi ake auna shi.

Na biyu shi ne tarihin zane-zane da ƙere-ƙere. Mai karanta shi ba dole ba ne ya iya zana ko da'ira. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban abin da wani ya riga ya yi, ya yi masa tambayoyi: wa ya yi shi, yaushe, da wane kayan aiki, wa ya sa aka yi, wa ya biya, me mutanen wancan zamani suke gani idan suka dube shi? Ɗauki babbar riga mai aikin aska takwas. Mai sayenta zai duba kyan aikin da farashi. Masanin wannan fanni zai duba ko yadin saƙi ne na gida ko na kanti, ko zaren tsamiya ne ko alharini, ya lura da yadda aka jera askar da tambarin da ke gefenta, ya kwatanta da rigunan Nufawa da na Yarabawan Ilori, har ya iya cewa ga garin da salon ya fi kama da shi, ga kuma zamanin da aka fi yayinsa. Daga nan sai ya shiga batun wa ke da ikon sa irin wannan riga, da yadda sarakunan daular Sakkwato suka mayar da kyautar riga hanyar ɗaure zumunci da nuna martaba. A jami'a ana koyar da wannan mataki-mataki: kallon ƙurilla da iya siffanta abu a rubuce, gane salo da zamani, fassara alamomi, sai kuma bin diddigin hannayen da abu ya ratsa tun daga maƙerinsa har zuwa inda yake a yau. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan duk wata takardar neman a dawo da kayan sata.

Na uku shi ne nazarin al'adun kallo, kuma shi ne ƙaramin cikinsu a shekaru. Shi ba ya tambayar ko abu ya kai a kira shi gwaninta. Duk abin da aka yi don ido ya gani ya shiga: fastar 'yan siyasa, hoton shehi a gilashin mota, zanen zaki da dawisu a jikin babbar mota, allon talla, fim, lallen amarya, hoton da ake turawa a WhatsApp. Abin da yake bi shi ne yadda hoto ke aiki a cikin jama'a, wa yake nunawa, wa yake ɓoyewa, wa ke da ikon hana shi.

Kusa da waɗannan ukun akwai ilimin binciken kufai, na masu tono ƙasa, da kuma ilimin kula da gidan tarihi. Maƙwabta ne, suna aron kayan aiki a wurin juna, amma kowa da digirinsa.

Inda fannin ya samo asali

A Turai aka haife shi, kuma har yau da alamar gidan haihuwa a jikinsa. A 1550 wani mai zane ɗan Italiya, Giorgio Vasari, ya tattara tarihin rayuwar gwanayen ƙasarsa. A 1764 Bajamushe Johann Winckelmann ya tsara sassaƙe-sassaƙen Girkawa zamani bayan zamani, ya nuna cewa salo ma yana da tashe da faɗuwa. Jami'o'in Jamus da Ostiriya ne suka mayar da abin cikakken fanni a ƙarni na 19. Ingila ta makara, sai a 1932 aka buɗe cibiyar Courtauld a Landan. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933, manyan malaman fannin, da yawansu Yahudawa, suka yi hijira zuwa Ingila da Amurka, suka tafi da iliminsu da ɗakunan karatunsu.

Gadon da wannan tarihi ya bari shi ne tsani mai hawa-hawa. A sama zanen fenti da sassaƙen mutum-mutumi, waɗanda ake iya cewa ga sunan gwanin da ya yi su. A ƙasa saƙa da ɗinki da jima da ginin tukwane, waɗanda aka kira sana'a kawai. Kayan Afirka kuwa ba a ma sa su a tsanin ba, an kai su gidajen nazarin ƙabilu. Da Bajamushe mai binciken al'adu Leo Frobenius ya ga kawunan mutum-mutumi na Ife a 1910, kyansu ya sa ya ƙi yarda cewa kakannin Yarabawa ne suka yi su, ya jingina su ga wata ɓatacciyar daula ta almara mai suna Atlantis.

Nazarin al'adun kallo ya taso ne a matsayin tawaye ga wannan tsani. Shirin talabijin da John Berger ya gabatar a BBC a 1972 ya sa zanen manyan gwanayen Turai kusa da hotunan talla, ya nuna cewa duka biyun suna magana ne a kan dukiya da mallaka da yadda ake kallon mace. Zuwa 1989 jami'ar Rochester a Amurka ta buɗe shirin digiri a wannan fanni. Tsofaffin malamai ba su yi shiru ba. A 1996 mujallar October ta tambayi masana ra'ayinsu, da dama suka nuna fargabar cewa sabon fannin zai yaye ɗalibai masu iya magana a kan komai alhali ba su ƙware a kan komai ba. Magoya bayansa suka ce tsohon fannin ya ƙware ne a kan abin da attajirai suka tara, ya kau da kai daga abin da talaka ke kallo kullum. A yau sassa da yawa a Ingila da Amurka sun haɗa sunayen biyu a kan allo ɗaya, amma saɓanin bai mutu ba.

Zariya, 1958

Labarin fannin a Najeriya ta Zariya ya bi. A 1955 aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Ilimi, Kimiyya da Fasaha ta Najeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, tsarin karatun ma irin na makarantun zane na Landan ne, duk da akwai 'yar ƙasa Clara Ugbodaga-Ngu a cikin malaman. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da 'Yan Tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Kukansu shi ne ana koya musu dabarun Turai, ba a koya musu komai game da abin da kakanninsu suka yi. Matsayar da Okeke ya tsara a 1960 ita ce a ɗauki dabarar zamani a haɗa da gadon gida a fitar da sabon abu. Tun da ba a koyar da gadon a aji, sai suka riƙa tafiya garuruwansu a lokacin hutu suna tambayar tsofaffi suna kwafar zane. Wato da kansu suka yi wa kansu darasin tarihin zane-zane.

Ƙungiyar ta watse a 1961, kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Okeke ya koma Nsukka bayan yaƙin basasa ya gina makaranta guda a kan zanen uli na matan Ibo. A Ife wasu suka yi makamancin haka da adon Yarabawa. Abin lura shi ne a Zariya aka kunna wutar, amma a Kudu ta fi kamawa. Babu wata makarantar zane da ta ginu a kan dagi da zanen bango da zayyana har ta yi suna irin na uli.

Ba wai ba a yi komai ba. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin zane-zane a Zariya, ya shafe shekaru yana bin masu ɗinkin riga da hula, ya shirya babban baje kolin ƙere-ƙeren Hausawa a Landan a 1976. Ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya auna gine-ginen gargajiya ya zana taswirarsu, kuma daga aikinsa aka samu gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Sashen Zariya har yau yana ba da digiri na biyu da na uku a tarihin zane-zane. Amma a matakin digirin farko, a Zariya da yawancin jami'o'in ƙasar, fannin yana zaune ne a cikin sashen Fayin At a matsayin reshe. Sakamakon haka, yaron da ke son tarihi da rubutu amma hannunsa bai iya zane ba, ba zai ma yi tunanin neman gurbi a nan ba. Wanda ya shigo kuma yawanci don zane ya zo, darasin tarihi wani abu ne da zai haddace ya ci jarrabawa. Wannan tsari, fiye da komai, shi ya sa masu rubutu a fannin suka yi ƙaranci.

Abin da ke ƙasar Hausa da kewaye

Idan aka tsaya a kan tsohon tsani na fenti da mutum-mutumi, sai a ga kamar Hausawa ba su da abin nazari. Da zarar an sauka daga kansa, sai a rasa ta inda za a fara.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, yana cikin manyan gine-ginen ƙasa a Afirka ta Yamma. Yadda aka tanƙwara azara aka lulluɓe ta da ƙasa aka tayar da bakan gizo mai ɗauke da rufi ba tare da ƙarfe ko siminti ba, lissafi ne da ya cancanci zango guda na karatu shi kaɗai. Akwai Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano, da Gobarau a Katsina, da gidajen unguwar Birni a Damagaram masu ado a fuska. A Yama ta jihar Tawa, masallacin da magini Falke Barmu ya gina ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, wato ginin ƙasa sana'a ce mai rai har a wannan zamani. Kowane gari da irin zankwayensa da irin zanen da ake yi a bakin zaure, kuma zanen yana canzawa: a tsakiyar ƙarni na 20 magina sun fara sa keke da agogo da jirgin sama a bango, alamar abin da maigida ke alfahari da shi a lokacin.

Sai rubutu. Alƙur'anan da alarammomi suka rubuta da ka, da tawada baƙa da ja da ɗorawa, da zayyanar da ake yi a farkon kowane rubu'i, da allon zayyana na ɗalibin da ya sauke, da gafakar da dukawa ke ɗinkawa. Salon rubutun Borno daban, na Kano daban, mai ido yana bambancewa. Sai karofin Ƙofar Mata, da turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, da jan fatar Sakkwato da ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Sai sassaƙar ƙwarya, da faifai, da jeren ɗakin amarya, wanda ya tashi daga ƙorai zuwa tasoshi zuwa kwanonin samira zuwa kabet na gilashi. Wanda ya bi tarihin jere kaɗai zai ba da labarin kasuwanci da auratayya da matsayin mata na shekara ɗari.

A ƙarƙashin ƙasa kuma akwai abin da ya girmi duk wannan. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, Baturen Ingila mai binciken kufai Bernard Fagg ya gane muhimmancinsu a shekarun 1940, har aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Binciken da jami'ar Frankfurt ta fara tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya a 2005 ya mayar da farkon wannan al'umma zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Akwai irinsu da aka samu a yankunan Sakkwato da Katsina, da na Bura a Nijar, da zanen shanu a duwatsun Birnin Kudu, da kaburburan Durɓi ta Kusheyi. A 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da Sakkwato da Katsina da Bura a jerin waɗanda aka fi sacewa a Afirka. Yawancin waɗanda ke hannun masu tarawa a Turai an tono su ne a ɓoye, kuma abin da aka tono ba tare da an rubuta inda yake da abin da ke kusa da shi ba, rabin labarinsa ya tafi har abada.

Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, misali ce ta yadda tsanin ke karyewa. Maginiyar tukwane ce Bagwariya da ta koyi sana'ar a gida, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Tulunanta sun shiga manyan gidajen tarihi na duniya, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Batun addini

Ba a yin wannan magana a Arewa a tsallake shi. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai suna cikin Bukhari da Muslim, kuma a nan ne aka ruwaito Ibn Abbas yana ce wa wani mai sana'ar zane, in dole ne, ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi bayani daki-daki. A mazhabar Malikiyya abin da aka haramta shi ne sura mai inuwa, wato mai jiki, ta abu mai rai da gaɓoɓinsa cikakku. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango hukuncinsa ya fi sauƙi. Wasu malaman sun tsananta sun haɗa duka. A kan hoton kyamara ma malaman zamani sun rabu. Uban da ya ƙi ɗansa ya sassaƙa mutum-mutumi yana da hujjar da ya dogara da ita, kuma ɗalibai Musulmi da yawa kan zaɓi ɓangaren yadi ko tangaran ko zanen kwamfuta saboda haka.

Sai dai hukuncin yin sura daban ne da batun nazarin abin da aka riga aka yi. Babban reshe na wannan fanni a duniya shi ne ƙere-ƙeren Musulunci: rubutu, gine-ginen masallatai, adon lissafi, darduma, tangaran. Alƙahira na da gidan tarihi na musamman a kansa tun farkon ƙarni na 20, Doha ta buɗe nata a 2008, Saudiyya kuma ta fara babban baje kolinsa a Jidda a 2023. Littattafan wannan reshe sun cika da Masar da Iran da Turkiyya da Andalus, Afirka ta Yamma kuwa 'yan shafuka take samu. Ɗalibin da ya taso a makarantar allo, ya san warash, ya iya karanta ajami, yana da abin da takwaransa na Landan zai shekara yana nema. Akwai masu ganin ko nazarin gumakan Nok da Benin ma girmama shirka ne. Masu ba su amsa suna kawo ayoyin da suka yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata. Wannan saɓani ne na malamai, kuma jami'ar da ke son ɗaliban Arewa gara ta kawo shi cikin aji a tattauna da ilimi maimakon ta yi kamar babu shi.

Nazarin al'adun kallo ma a nan yake da abin cewa. Kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001, da umarnin Hisba na 2021 kan mutum-mutumin tallan tufafi a shaguna, da ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 da kuma naira 100 ta 2014, duk rigingimu ne a kan abin da ido zai gani a bainar jama'a. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana rubutu a kan finafinan Hausa da tasirin na Indiya a kansu. Galibin irin wannan aiki a sassan Hausa da aikin jarida ake yinsa, ba a sashen zane ba, kuma ɓangarorin ba su cika haɗuwa ba.

"To, wane aiki zai samu?"

Tambayar iyaye ke nan, kuma ba a Najeriya kaɗai ake yinta ba. A 2014 Shugaba Obama ya faɗa a wani jawabi cewa mai sana'ar hannu zai iya samun kuɗi fiye da mai digirin tarihin zane-zane, daga baya ya rubuta wa wata farfesa wasiƙar ban haƙuri. A 2016 hukumar jarrabawa ta ƙarshe da ke ba da darasin a manyan sakandaren Ingila ta ce za ta daina, sai da aka yi ta ƙorafi wata hukumar ta karɓa.

Masu shakka suna da gaskiyarsu. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, tana da gidajen tarihi fiye da 50, amma ɗaukar ma'aikata ba kullum ba ne, albashin kuma na gwamnati ne. Kasuwar zane mai kuɗi a Legas take. A nan ake baje kolin Art X tun 2016, a nan manyan masu saye suke. Labarin zanen gwanin Najeriya Ben Enwonwu da aka sayar fam miliyan 1.2 a Landan a 2018 gaskiya ne, amma irinsa ba ya maimaituwa kowace shekara, kuma kuɗin ba aljihun mai nazari yake shiga ba. Wanda ya gama a Zariya ba shi da kowa a Legas, mafi kusa da shi shi ne aikin koyarwa.

Masu kare fannin su ma ba da hannu wofi suka zo ba. Okwui Enwezor, wanda ya jagoranci manyan baje koli biyu na duniya, na Kassel a 2002 da na Venis a 2015, ɗan Najeriya ne. Chika Okeke-Agulu, farfesa a jami'ar Princeton ta Amurka, a Nsukka ya fara. Sannan dawo da kayan tarihi ya buɗe wani sabon aiki. Rumbun intanet na Digital Benin da aka ƙaddamar a 2022 ya tattara bayanan kayan Benin guda 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, kuma akwai 'yan Najeriya a cikin masu binciken. Wani binciken da aka buga a 2023 ya gano cewa yawancin tagullar da maƙeran Benin suka narkar daga yankin kogin Rhine na Jamus ta fito, a siffar mundayen da Turawan Fotugal ke ciniki da su. Wannan ya ƙara wa muhawarar zafi, domin da irin waɗannan mundaye aka sayi bayi, kuma wasu jikokin bayin a Amurka suna cewa su ma suna da haƙƙi a kayan. Babu irin wannan rumbu na kayan Sakkwato ko Kano ko Borno da suka fita bayan yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 20, kuma ba za a iya neman abin da ba a lissafa ba.

Hanyar da ta fi tsaro ga ɗalibi ita ce ya haɗa fannin da wani abu: ɗaukar hoto, sarrafa bayanai a kwamfuta, Larabci, Faransanci, ko aikin jarida.

Yadda abin ya shafi wanda bai taɓa shiga jami'a ba

Manomin da ya tono kan yumɓu a gonarsa a ƙasar Jaba ko Kwatarkwashi, ɗan abin da dillali zai ba shi bai kai ɗigo ba a kan abin da za a sayar da shi a Faris, kuma dokar 1979 ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su ba da izini ba. Sau da yawa bai san da dokar ba, bai kuma san wa zai kai wa ba. Inda akwai ma'aikacin gidan tarihi mai jin harshen mutane, lamarin yakan canza.

Maginin gargajiya da mai ɗinkin hannu suna gasa da bulo da injin aiki mai kwamfuta. Nazari ba zai hana kasuwa tafiya inda za ta ba. Abin da yake iyawa shi ne ya rubuta sunan gwani da sunan salo da yadda ake yi tun masu sani suna raye, kuma kayan da aka san sunan mai yinsa da garinsa ya fi daraja a wurin mai saye. Lokacin da aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano a 2010 don faɗaɗa titi, an sake gina wata, amma ta asalin sai a hoto. Shawarar abin da za a rushe da abin da za a bari tana hannun injiniyoyi da 'yan siyasa, kuma da wuya a samu masanin tarihin gini a teburin.

Mai riƙe da waya kuwa, shi abin ya fi shafa kai tsaye. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma yanzu ana ɗauko hoton rikicin wata ƙasa a ce na jiya ne a Filato, ana kuma ƙirƙirar hoton malami ko ɗan takara da ƙirƙirarriyar basira. Tambayoyin da ake amfani da su wajen tantance irin wannan hoto, wa ya yi shi, yaushe, daga ina ya fito, wa zai amfana, su ne dai tambayoyin da ake koya wa ɗalibin tarihin zane-zane a shekararsa ta farko.

Ƙofar da sabuwar manhaja ta buɗe

A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta soki tsarin, tana ganin kutse ne cikin ikon majalisun jami'o'i. Duk da haka, kashi 30 ɗin ya isa a sa darasi a kan ginin ƙasa, ko zayyana, ko tarihin hoto a Arewa, a kuma buɗe shi ga ɗaliban Hausa da tarihi da Larabci da tsara gine-gine, ba 'yan sitidiyo kaɗai ba. A daidai wannan lokaci an dawo da darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare bayan cire shi da aka yi sama da shekara goma, kuma malaman da za su koyar da Nok da Ife da ganuwar Kano suna buƙatar wanda ya koya musu.

Cikas ɗin a bayyane yake. Darasi irin wannan yana buƙatar mota da za ta kai ɗalibai Jos ko Birnin Kudu, da hanya mai tsaro, da littattafai waɗanda yawancinsu a waje aka buga su da tsada, da malamin da ya yi bincike a kan abin da zai koyar. Yana kuma buƙatar jami'a ta yarda ta gayyato Sarkin Magina ko alaramma mai zayyana ya tsaya gaban aji, a biya shi kamar yadda ake biyan malamin da aka gayyato daga wata jami'a, abin da tsarin biyan kuɗi na yawancin jami'o'in gwamnati bai tanada ba tukuna.